Daga Soba Zuwa Shali: Yadda Al'ada Ta Riƙe Kiristocin Shuɗin Nilu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai tumaki ko man shanu bakin iyakar Habasha a ƙarshen watan Maris, ya san irin zaman jiran da ake yi. Kaya ga su nan lafiyayyu, farashi bai yi tsada ba, amma masu saye sai su zo su shafa bayan rago su wuce. Kuɗi na nan a aljihunsu, azumi ne ya hana su. Kiristocin Habasha mabiya ɗariƙar Otodoks kan yi kwana 55 kafin bikin Ista ba su cin nama, ba su shan madara, ba su taɓa ƙwai ko man shanu, har mahautansu da dama kan rufe rumfa su koma gida. Ranar da azumin ya ƙare kuwa, ragon da aka ƙi tayawa jiya shi ake rububi a kansa. Wanda ya san wannan lissafi, a kwanakin azumi wake da adas da man riɗi yake kaiwa, dabbobinsa kuma ya ci gaba da kiwonsu har zuwa makon ƙarshe.

Mu kanmu ma'aikatan rediyo mun taɓa yin irin wannan tuntuɓe. Wata shekara, ranar 25 ga Disamba, muka buɗe shiri da taya dukkan Kiristocin yankinmu murnar Kirsimeti, muna ganin mun kyauta. Kafin la'asar sai ga saƙo daga maƙwabtanmu Ƙibɗawa, cikin raha, cewa sun gode, amma su har yanzu azumi suke yi, tasu Kirsimetin sai 7 ga Janairu. Mun ji kunya ƙwarai, domin mutanen nan shekara da shekaru muna sayen magani da atamfa a shagunansu, amma ko ranar sallarsu ba mu sani ba.

Tun daga ranar tambaya ta tsaya mana a rai: me ya sa mutane ke riƙe irin waɗannan al'adu da ƙarfi haka, har a lokacin yunwa da gudun hijira? Amsar tana kusa da mu, a gaɓar wannan kogi na Shuɗin Nilu da muke sha, wanda Larabawa ke kira Nil Azraƙ. A nan tarihi ya ajiye labarin jama'ar Kirista iri biyu, ɗaya mai sarauta da zinariya wadda ta ɓace, ɗaya kuma ta talakawa manoma wadda aka yi ta kora amma har yau tana nan.

Birnin da ya rasa limamai

Idan mai karatu ya taɓa bin hanyar gabashin kogi daga Wad Madani zuwa Khartum, saura kamar kilomita 20 ya shiga birni zai wuce Soba. A wurin da tsohon garin yake, tudun ƙasa ne da fasassun jan bulo, amma nan ne hedikwatar daular Alwa, wadda sarkinta ya karɓi addinin Kirista a shekarar 580 ta hannun wani bishof mai suna Lonjinus, wato shekara 42 kafin Hijira. Ƙasar Jazira da muke nomawa tana cikin mulkin wannan daula. Ibn Sulaim al-Aswani, wanda ya zo daga Masar a ƙarni na 10, ya ba da labarin gidaje masu kyau da lambuna da majami'u masu adon zinariya, har ma da unguwa guda ta Musulmi a cikin birnin. Masu haƙar kayan tarihi da suka yi aiki a wurin cikin shekarun 1980 sun tono harsashin manyan majami'u da dutsen kabarin wani sarki mai suna Dauda.

Tarihin Funj ya ce a shekarar 1504 ne Amara Dunƙas da Abdullahi Jamma'a suka ci Soba, mulki ya koma Sinnar, ko da yake wasu masana na ganin birnin ya daɗe da raunana kafin wannan lokaci. Har gobe in abu ya lalace ba gyara, mutumin Sudan zai kira shi kharab Soba.

To sai dai faɗuwar birni daban, mutuwar addini daban. Abin da ya ƙarasa Kiristancin Alwa da sauran ƙasar Nuba ta dā shi ne rashin limamai. Bishof-bishof ɗinsu daga Iskandariyya ake naɗo su, bishof ne kuma kaɗai ke iya naɗa limamin coci. Da hanya ta yanke, sarakunan da ke ɗaukar nauyin coci suka ƙare, sai tsofaffin limamai suka yi ta mutuwa babu magaji. Wani limami ɗan Fotugal mai suna Faransisko Albares, wanda ya zauna a Habasha cikin shekarun 1520, ya rubuta cewa yana nan mutum shida suka zo daga ƙasar Nuba suna roƙon Sarkin Habasha ya ba su limamai da za su koyar da su. Sarki bai ba su ba, ya ce shi ma daga Iskandariyya ake aiko masa da nasa shugaban cocin. Haka suka juya hannu rabbana.

Abin mamaki, ɗan abin da ya saura a hannun mata ya saura. Masu bincike sun tarar a ƙauyukan Nubiyawa na arewacin Sudan, inda kowa Musulmi ne tun ƙarnuka, tsofaffin mata na zana alamar gicciye a goshin jariri, kuma in an yi arba'in a kai shi bakin kogi a wanke masa fuska, ana ambaton sunan Mariya. Yawancin masu yi ba su san asalinsa ba, sun dai ga kakanninsu na yi.

Ƙibɗawa: kaɗan ne, amma ba su narke ba

Ƙibɗawan da muka sani a Wad Madani da Gadarif da Atbara da Omdurman daga baya suka zo, wasu a zamanin Turkawa bayan 1821, wasu bayan 1898, a matsayin akawuna da masu shaguna, daga baya 'ya'yansu suka zama likitoci da masu sayar da magani. Larabci suke yi kamar kowa, kisra suke ci kamar kowa, in ka ga mutum a kasuwa ba za ka bambance shi ba sai ya miƙo hannun dama ka ga ɗan gicciyen da aka tsaga masa a wuyan hannu tun yana yaro. Abin da ya hana su narkewa cikin jama'a yawancinsa a tukunya yake. Kalandarsu na da ranakun azumi sama da 200 a shekara: kwana 43 kafin Kirsimeti, kwana 55 kafin Ista, mako biyu a watan Agusta domin Maryamu, sannan Laraba da Juma'a kusan duk mako. Yaron da ya tashi a gidan da rabin shekara ful da ɗa'amiyya da adas ake ci, ya san ko shi wane ne tun kafin ya iya karatu. Namiji a yi masa baftisma yana da kwana 40, mace kwana 80, haka ma Habashawa ke yi.

Wani abu nasu ma ya zama na kowa. Sham Nasim, ranar Litinin da ke bin Istar Ƙibɗawa, da iyalai kan fita bakin kogi da dafaffen ƙwai da kifin fasikh, Musulmin birane da yawa sun yi ta ba tare da sun tambayi kalandar wa ake bi ba.

Mutanen Shali

Labarin da ya fi taɓa mu shi ne na ƙabilar Uduk, waɗanda ke kiran kansu Kwanim Pa, wato mutanen gida. Ƙasarsu tana kudu da Kurmuk, babban garinsu Shali al-Fil, kuma duk wanda ya yi fataucin dawa da riɗi ko gishiri tsakanin Kurmuk da Yabus ya yi hulɗa da su. Manoma ne, kuma ta wajen uwa suke lissafin dangi, don haka kawu ke da babbar magana a kan yaro.

Yadda Kiristanci ya iso musu akwai hannun ƙasar Hausa a ciki. Ƙungiyar mishan ta SIM, da aka kafa ta, Sudan ɗin da take nufi ita ce ƙasashen Kano da Sakkwato da Barno. Samari uku suka sauka Ikko a 1893 da wannan niyya, biyu suka mutu cikin shekara guda, Rolan Bingham kaɗai ya tsira. A 1902 suka kafa tasha a Pategi, daga nan aiki ya bazu har ya haifi cocin ECWA a Nijeriya a 1954, da asibitin Galmi a Nijar a 1950. Da Italiya ta mamaye Habasha ta kori 'yan SIM da ke can a 1937, sai wasunsu suka tsallako Sudan, Turawan Ingila suka ba su izini, suka buɗe tasha a Doro cikin ƙabilar Maban da kuma Shali a 1938. Ba su daɗe ba yaƙin duniya ya iske su: a watan Agustan 1940 jiragen Italiya suka jefa bom a Doro, likitan mishan Robat Girib da matarsa suka mutu.

Shekarun farko mutanen Shali ba su yi gaggawar karɓa ba. Suna da nasu bokaye masu duba da wani baƙin ice da Larabawa ke kira abanus, a ƙona bakinsa a karanta yadda ya ci wuta. Wata masaniya 'yar Ingila, Wendi Jemis, wadda ta fara zama da su a shekarun 1960, ta rubuta littafi sukutum a kan wannan, ya fito a 1988. Akwai kuma al'adar da ba wanda zai yi kewarta: a dā ba a barin tagwaye su rayu, domin ana ganin haihuwarsu mugun abu ne. Iyaye mata suka fara gudu da jariransu zuwa gidan mishan, sannu a hankali aka daina. Mu da muke murna da Hasan da Husaini har mu ce suna da baiwa, abin zai yi mana nauyin ji, amma ya nuna cewa jama'a na iya zubar da al'ada mai cutarwa ba tare da ta zubar da kanta ba. A ɗaya ɓangaren kuma, a ganinmu 'yan mishan sun wuce gona da iri, domin sun haɗa giya da kiɗa da rawar gargajiya duk sun sa a kwando ɗaya.

Amma sun yi abu guda da Iskandariyya ba ta yi wa Soba ba. Sun rubuta harshen Uduk, sun koya wa yara karatu da shi, sun horar da 'yan ƙasa su ja sujada da kansu. An buga Sabon Alkawari da harshen Uduk a 1963. Shekara guda bayan haka, a 1964, gwamnatin Janar Abbud ta kori 'yan mishan na waje daga kudancin ƙasar, bisa dokar da ta kafa a 1962. Mai hasashe a lokacin zai ce shi ke nan, cocin Shali ya bi Turawa. Abin da ya faru akasin haka ne. Bayan tafiyar Turawan ne jama'a suka yi ta shiga, ƙauye bayan ƙauye, a hannun fastoci da dattawa 'yan Uduk, ƙarƙashin cocin da ake kira Sudan Interiya, wanda ɗan'uwan ECWA ne ta wajen asali.

Daga nan sai wahala. A 1987 yaƙin gwamnati da SPLA ya iso Kurmuk, aka ɗauki Uduk a matsayin magoya bayan 'yan tawaye, aka ƙone ƙauyuka da majami'unsu. Suka tsallaka Habasha, aka ajiye su a sansani kusa da Asosa. A farkon 1990 aka kai wa sansanin hari, suka dawo cikin Sudan da ƙafa, suka sake fita zuwa Itang. Da gwamnatin Mangistu ta faɗi a 1991 suka gudu zuwa Nasir a bakin kogin Sobat, inda yunwa ta ci mutane da yawa, a 1992 suka sake komawa Habasha, sai a 1993 suka sami wurin zama a sansanin Bonga da ke yankin Gambela. Mai karatu ya ƙirga da kansa sau nawa ke nan aka ɗaura kaya cikin shekara shida. A kowane zango, in an sami inuwar itace an sami coci. Wanda ya tsira da littafinsa ya karanta wa saura, waƙoƙin sujada kuwa da ka aka san su, ba su da nauyin ɗauka. Wendi Jemis, da ta bi su har Bonga, ta tarar da wani abin da ba ta zata ba: tsohuwar rawarsu ta barangu, wadda aka ɗauka ta mutu, ta dawo a tsakiyar sansani. Ashe abin da mishan ta hana da abin da ta kawo duka biyun suka ɗauko a ka.

Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 aka mayar da su gida tsakanin 2006 da 2008, suka sake share gonaki, suka sake ɗaga majami'u. Ba su more ba. Tun a 1953 aka mayar da yankin Shali ƙarƙashin lardin Shuɗin Nilu, saboda haka da aka raba ƙasa a 2011 suka faɗo Arewa, a watan Satumban wannan shekara kuma yaƙi ya sake ɓarkewa daga Damazin. Dubbai suka nufi Maban a Sudan ta Kudu, aka kafa musu sansani a Doro, daidai inda tsohuwar tashar mishan take. Da aka zo raba unguwanni a sansanin, sunayen garuruwan gida aka sa musu: Shali, Wadaga, Yabus da sauransu. Mutum ya rasa gonarsa da bukkarsa, amma in an tambaye shi inda yake kwana, zai ce Shali.

Mu ma da ƙafa muka zo

Bai kamata wannan labari ya zama baƙo a kunnen Bahaushen Sudan ba. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, har suka sauka a gaɓar wannan kogi kusa da Shaikh Talha wajen 1906, garin da suka kafa kuma har yau sunansa yake amsawa. Wasu kakanninmu hanyar Makka ta kawo su, aikin auduga ya tsayar da su bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Me suka ɗauko? Allo da tawada, harshe, suna ranar bakwai, gayya, fura da tuwo. Sama da shekara 120 ke nan, jikokin jikokinsu na Mai Wurno da ƙauyukan Jazira suna Hausa. Wanda ya san abin da makarantar allo ta yi mana, ba sai an yi masa dogon bayani a kan abin da waƙar coci da harshen uwa suka yi wa mutumin Shali ba.

Mun kuma san ɗacin a ce maka baƙo a ƙasar da aka binne kakanka. Rikicin da ya tashi a watan Yulin 2022 a Gaisan da Rusairis, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, ya ci ɗaruruwan rayuka ya raba dubban mutane da gidajensu. Musulmi ne da Musulmi, a kan ƙasa da sarautar gargajiya. Muna tuna wannan ne domin masu ɗaukar cewa bambancin addini shi ne mafarin kowace fitina. A Wad al-Mahi alƙibla ɗaya ake kallo, amma hakan bai hana a cinna wa gidan maƙwabci wuta ba.

Su ma Kiristocin jihar sun sha nasu. A garin But da ke yammacin jihar, an ƙone majami'u uku a daren 28 ga Disamban 2019, na Katolika da na Otodoks da na Sudan Interiya, kwana uku kacal bayan Kirsimetin da gwamnatin riƙon ƙwarya ta mayar ranar hutu karon farko tun bayan raba ƙasa. Mabiya suka tattara itace da ciyawa suka sake ɗagawa, a tsakiyar Janairun 2020 aka sake ƙonewa. Yaƙin da ya fara a watan Afrilun 2023 kuwa bai tambayi kowa addininsa ba. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban wannan shekara, har zuwa Janairun 2025 da soja suka karɓe ta, masallaci da coci duk sun ga ɓarna, Bahaushe da Baƙibɗe kuma hanya ɗaya suka bi zuwa Sinnar da Gadarif.

Abin da ya shafi rumfa

Ga 'yan'uwa masu kai kaya Gallabat da Matamma ko Kurmuk da Gaisan a duk lokacin da hanya ta buɗe, Kiristocin da za ku tarar ba iri ɗaya ba ne. Mutumin Shali ko Maban da ya tashi a cocin Sudan Interiya ba ya yin dogon azumin nan, Kirsimetinsa 25 ga Disamba, kuma a makonnin da ke gabanta ne yake neman yadi da takalman yara da sukari, ranar Lahadi kuwa kada ka sa ran ganinsa kafin a tashi daga sujada. Bahabashe ɗan Otodoks sabuwar shekararsa 11 ga Satumba, bikin gicciye na Maskal 27 ga watan, Kirsimeti 7 ga Janairu, bikin Timkat 19 ga Janairu, wasu daga cikinsu kan matsa da kwana ɗaya a shekarar da ke da ƙarin rana. A waɗannan ranaku kaji da tumaki da man shanu da gahawa ba sa kwana. Sannan yawancin Habashawa 'yan Otodoks ba sa cin yankan Musulmi, kamar yadda Musulmin can ba sa cin nasu, shi ya sa za ka ga rumfar mahauci da alamar gicciye, wata da jinjirin wata. In ka yi wa abokin cinikinka tayin nama ya ƙi, ba raini ba ne, kawo masa shayi ko ful. Dabba kuma a kai ta da rai.

Ista ce mai wuyar lissafi, domin tana yawo kamar yadda azuminmu ke yawo, kuma ɓangarorin biyu ba kullum suke haɗuwa ba. A 2027, alal misali, Katolika da mutanen Shali za su yi tasu ranar 28 ga Maris, Ƙibɗawa da Habashawa kuwa sai 2 ga Mayu, tazarar mako biyar cur. Azumin Habashawan na wannan shekara zai kama ne ranar Litinin 8 ga Maris, don haka mai man shanu ya sallami kayansa kafin wannan rana, mai tumaki kuma ya tanadi harawa har ƙarshen Afrilu.